Yadda za ku haɗa wa yara jirgin ruwan wasa da ɓawon lemu, kwakwa da kankana

Ranar da muka je gaisuwar Sallah Obalende, cunkoso ya tsayar da motarmu a kan gadar Third Mainland, daidai inda ake hango gidajen Makoko da kwale-kwalen masunta. Autana ya manna goshi a gilashi, ya daɗe yana kallon wani kwale-kwale da aka cika da mutane da kaya. Can sai ya juyo ya ce, "Baba, me ya hana shi nutsewa? Ni ko ɗan dutse na jefa a bokiti ƙasa yake tafiya." Na yi masa bayani da baki, na ga alamar bai gamsu ba. Sai da muka koma gida Agege, muka sha lemu, muka ɗora ɓawon a kan ruwan baho, sannan maganar ta shige shi. Gani ya kori ji.

Sana'ata kayan gwari a kasuwar Mile 12, saboda haka ɓawo da ragowar 'ya'yan itace ba baƙina ba ne. Tun daga wannan rana muka mai da abin wasan ƙarshen mako, ni da yarana uku da na maƙwabta. Abin da zan kawo a nan shi ne yadda muke yi, da wuraren da jirgin ke ba da matsala, da maganinsu.

Na fi son ɓawon abinci a kan roba da fararen mazuban abincin nan na kumfa. Gwamnatin jihar Legas ta haramta mazuban kumfar a watan Janairun 2024 saboda yadda suke toshe magudanan ruwa, kuma duk wanda ya ga kwata a damina ya san dalilin. Shi ɓawo idan an gama wasa, ko akuya ta cinye ko ya ruɓe. Sharaɗina ɗaya ne: kada a yanka abinci mai kyau don wasa. A bari sai an sha lemun, an ci kankanar, abin da za a zubar shi ne kayan aikinmu. Yara ma su san haka tun farko, domin almubazzaranci ba abin koya musu ba ne.

Abin da za a tara

Gangar jirgi tana fitowa daga rabin ɓawon lemu, rabin ƙoƙon kwakwa, ɓawon kankana, ɓawon fiya, busasshiyar totuwar masara, ko ɓawon ƙwai. Sandar tuta kuwa tsinken tsire ne, ko tsinken tsintsiyar kwakwa, ko na sakace idan jirgin ƙarami ne. Ita tutar da iska za ta tura, babu kamar busasshen ɓawon masara, amma ganyen alale da aka wanke ko ganyen mangwaro duk suna yi. Sai gindin karas ko ɗan ragowar teba na kafa sanda, kyandir da ashana, zare, cokali, tsumma, da wuƙa wadda ba za ta bar hannun babba ba. A tanadi tafin hannu biyu na wake, ko ƙwallayen dabino, ko na agwaluma idan lokacinta ne. Su ne fasinjoji.

Kada ku wahalar da kanku da ɓawon ayaba, na gwanda ko na mangwaro. Sun yi laushi, ba sa riƙe siffa, ruwa na taɓa su suke lanƙwashewa.

Ga wani abu da ya shafe mu a nan Legas. Lemun da mai lemu ya fere, ya bar farin ciki kawai ana tsotsa, ba ya yin jirgi. Koriyar fatar waje ita ce mai maiƙon da ke hana ruwa shiga, farin kuwa kamar soso yake, nan da nan ya sha ruwa ya yi nauyi. Ku ce da mai lemu ya ba ku wanda ba a fere ba, ku zaɓi mai kaurin fata.

Ruwan da wurin

Bahon wanki mai faɗi ya isa. Zurfin ruwan kada ya wuce tsawon tafin hannun babba. Wanda ke sayen ruwa jarka-jarka wurin 'yan ga-ruwa ba sai ya yi asara ba: ruwan sama da aka tara ya wadatar, kuma bayan wasa a wanke tsakar gida ko bayi da shi. A tabbata dai babu kumfar sabulu a ciki, akwai dalili, zan zo kansa. A ajiye bahon a ƙasa, nesa da soket da wayar janareta, ba a kan hanyar da 'yan gidan haya ke wucewa ba.

Idan akwai mai rarrafe ko ɗan tatata a gidan, babba ɗaya ya zauna kusa da bahon daga farko har a zubar da ruwan. Ƙaramin yaro yana iya faɗawa da ka cikin ruwa kaɗan ya kasa ɗagowa, kuma ba ya ihu. Kada a ce wa yayarsa mai shekara bakwai ta kula da shi, hankalinta yana kan nata jirgin. Haka wake da gyaɗa da ƙwallon dabino, a nesanta su da 'yan ƙasa da shekara uku, sukan kai su baki ko hanci.

Jirgin lemu, daki-daki

Da shi ake farawa domin, ban da jiran ɓawon ya sha iska, cikin minti goma an gama, yaro bai kai ga gajiya ba.

Da farko, yankan. Yawancinmu mun saba raba lemu ta ƙugu, sai gurbin hanci ya faɗo a tsakiyar gindin jirgi, ta nan kuma ruwa ke tsattsafowa. Ku yanka shi daga hanci zuwa gindi, yadda tabon biyu za su tsaya a bakin jirgi, ƙasan ya zama lafiyayyar fata ba ƙofa.

Na biyu, a ba yaro cokali ya kwashe cikin ya sha. Ya tura cokalin tsakanin tsoka da farin ɓawo, yana zagayawa a hankali. A bar farin, shi ne ƙarfin jirgin. A gargaɗe shi kada ya matsa ɓawon kusa da fuska, ruwansa yana da zafi a ido. Idan an gama a goge ciki da tsumma, a bar shi ya sha iska kamar rabin awa. Kada a shanya shi a rana wuni guda, bakinsa zai naɗe ya karkace.

Na uku, a gwada shi a ruwa babu komai a ciki. Mutane da yawa suna tsallake wannan, su kafa tuta, jirgi ya kife, su rasa ko laifin gangar ne ko na tutar. Idan ya jirkice gefe guda, ɗaya ɓangaren ya fi kauri, sai a ɗan kankare shi da cokali.

Na huɗu, kafa sanda, kuma nan ne kuskure ya fi yawa. Hannun yaro zai tafi kai tsaye ya soka tsinke a gindin ɓawon. Da zarar ya huda, shi ke nan, ruwa ba sa'an kwando ba ne. A yanko gindin karas mai kaurin yatsa, a kwantar da shi a tsakiyar jirgi, a soka tsinken a jikinsa. Idan babu karas, a mulmula ragowar teba kamar girman goro, a danna ta a ƙasan jirgin, a kafa tsinken a ciki. Ni na fi son teba, tana manne wa ɓawo, kuma nauyinta yana zaunar da jirgi. Aibinta ɗaya, idan ruwa ya shiga takan narke, sai a sake wata.

Na biyar, tutar. A yanka ɓawon masara da almakashi, faɗin yatsu biyu zuwa uku, a huda sama da ƙasa, a zura tsinken ta ƙofofin biyu yadda zai ɗan yi ciki kamar an hura. Sannan babba ya datse tsinin tsinken na sama. Abin da na lura da shi shi ne, idan tsawon sanda ya wuce faɗin jirgin, sai ya kife. Yara kuwa doguwar tuta suke so. Kada ku hana su. Ku bar yaro ya sa doguwar, jirgin ya kife, ya rage da kansa, ya sake ragewa har ya tsaya. Babbar 'yata sau uku tana datse nata kafin ya zauna, da ya zauna kuwa ta ce da ƙaninta, "Kai ma rage naka, kansa ne ya yi nauyi." Ban faɗa mata wannan ba, hannunta ne ya gaya mata.

Lodi

Wannan ne zuciyar wasan, a nan nake so ku ɓata lokaci.

Kafin a sa ko ƙwayar wake ɗaya, kowane yaro ya faɗi adadin da yake zaton jirginsa zai ɗauka, a rubuta a takarda. Sai a fara lodi ɗaya bayan ɗaya, ana ƙirgawa da ƙarfi. A sa ido a bakin jirgin: kowane ƙari yana sa shi ya ɗan ƙara nutsawa. Zai kai inda ruwa ya yi daidai da baki, yara su yi tsit, a ɗora ƙwaya ɗaya tak, ruwa ya kwararo ciki, jirgi ya tafi ƙasa. Sai a tsamo shi, a goge, a maimaita, amma a wannan karon a tara waken duka a gefe ɗaya. Za su ga ya kife tun bai ɗauki rabin na farko ba.

Bayanin ba shi da wuya. Duk abin da aka ɗora a kan ruwa yana ture wani ruwan gefe domin ya samu wurin zama, ruwan kuma yana tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da aka ture. Idan abu ya iya ture ruwan da ya kai nauyinsa kafin ruwa ya rufe shi, zai tsaya a sama. Idan bai iya ba, sai ƙasa. Arkimidis, masanin nan na Girka da ya rayu a tsibirin Sisili, shi ya rubuta wannan ƙa'ida fiye da shekara 2,200 da suka wuce. Ga yaro kuwa, ku miƙa masa cokalin ƙarfe da kwanon silba ya ɗora a ruwa. Kwanon ya fi cokalin nauyi, amma shi ne zai tsaya, saboda faɗinsa da raminsa suna ture ruwa mai yawa. Sirrin manyan jiragen ƙarfe da ke sauke kwantena a Apapa da Tin Can ke nan.

Masu shekara tara zuwa sama za su iya lissafin da kansu. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. Ledar fiya wata ta santilita 50 rabin kilo ke nan. Idan ƙoƙon kwakwa ya cika da rabin leda, to kayan da zai ɗauka kafin ya nutse ba za su wuce kusan kwatan kilo ba. Ga ɓawon lemu a auna da babban cokalin awo, mai ɗaukar mililita 15, wato giram 15 na ruwa. A ƙirga cokali nawa ya cika shi, a ninka.

Bayan sun ga inda jirgi ke nutsewa, sai na ce kowa ya ja layi da biro a jikin nasa, ƙasa da baki da faɗin yatsa ɗaya, lodi ba zai wuce nan ba. Jiragen gaske ma suna da irin wannan alama a jikinsu. Wani ɗan majalisar Ingila mai suna Samuel Plimsoll ne ya yi ta fafutuka a kanta saboda yawan matuƙan da ke halaka a jiragen da aka cika wa kaya, har aka mai da ita doka a 1876.

Ina dagewa a kan wannan ɓangare ne domin dalili. Kusan kowace damina sai mun ji labarin kwale-kwale ya kife da 'yan kasuwa ko 'yan biki a Neja, Kebbi ko Sakkwato, kuma yawan lodi yana cikin dalilan da ake ambata. A nan Legas ma mutanenmu na hawa jirgin Ikorodu da na Badagry, inda hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar, LASWA, ta wajabta sa rigar kariya. Yaron da ya nutsar da jirginsa da ƙwayar wake ɗaya ya san abin da "ƙara mutum ɗaya" ke nufi, kuma ina fatan zai tuna ranar da ya tsaya a bakin ruwa ba na kusa.

Jirgin kwakwa

Shi ne mai ƙarko, yana kai watanni. Kwakwa kuwa ba ta yanke wa Legas, Badagry gidanta ne. Wahalar ita ce a samu rabi lafiyayye. A fara huda ido mai laushi daga cikin idanunta uku a tsiyaye ruwan. Babba ya riƙe ta a tafin hannu, ya riƙa bugun ƙugunta da bayan wuƙa yana juyawa, har ta tsage gida biyu. A ɓanɓare naman, a goge bakin ƙoƙon a kan siminti domin kaifinsa ya mutu. Rabin da ba shi da idanu shi ne jirgi. Ɗayan ma yana yi, idan an toshe ƙofar da narkakken kyandir ciki da waje.

Sandar tuta a nan kyandir ke riƙe ta. Babba ya ɗiga narkakken kyandir a tsakiyar ƙoƙon har ya taru, ya tsayar da tsinken tsire a ciki, yaro ya ƙirga zuwa sittin kafin a saki. Gindin ƙoƙo zagayayye ne, shi ya sa yake rawa a ruwa. Maganinsa 'yan duwatsu uku ko huɗu a ƙasa, kewaye da sandar. Yara kan yi mamaki da suka ga ƙarin nauyi ne ya hana jirgi kifewa. Nauyin da ke ƙasa zaunar da jirgi yake, wanda ke sama shi ke kifar da shi.

Kankana, totuwa da ƙwai

Kankana ita ce babban jirgi. A nemi doguwa, a raba ta a tsaye, a kwashe jan a ci, a bar farin da kaurin yatsa. A jikin farin ake soka sanda, kada tsinken ya kai ga koriyar fata. Tana ɗaukar tuta biyu da duk 'yan tsanan gidan. Amma ta wuni ɗaya ce, zafin Legas kan sa ta tsami kafin gobe, ƙudaje su taru.

Totuwa kuma, lokacin masara ku roƙi masu gasawa a bakin titi ko ku tara naku, ku shanya kwana uku zuwa huɗu. A jera uku ko huɗu, a gitta tsinken tsire biyu a kai, a ɗaure tamau da zare. Wannan ba shi da ramin da ruwa zai cika, saboda haka shi ya dace da ƙananan yara masu saurin fushi idan nasu ya nutse. Idan aka ɗaura totuwa ɗaya a kowane gefen jirgin da ke yawan kifewa, sai ya daina.

Ɓawon ƙwai a wanke shi da sabulu sosai, a ɗauraye, a bar shi ya bushe, yara su wanke hannu bayan sun taɓa. Ɗigon kyandir da tsinken sakace sun ishe shi.

Tsere, gishiri da sabulu

A jera jirage a gefe ɗaya na baho, kowa ya hura nasa da baki ko ya fifita da mafici ko murfin tukunya. Ba a taɓa jirgi da hannu. Wanda ya hura da ƙarfi yakan kifar da nasa, mai bi a hankali shi ke isa.

Idan akwai ɗanyen ƙwai da za a soya, a ara na minti biyar. A sa shi a kofin ruwa, zai nutse. A riƙa zuba gishiri ana juyawa, cokali bayan cokali, har ya taso. Ruwan gishiri ya fi nauyi: litar ruwan teku tana da gishiri kusan giram 35, nauyinta kuma kusan giram 1,025. Shi ya sa jirgi ɗaya da kaya iri ɗaya ya fi tasowa a teku a kan kogi.

Sabulu a bar shi ƙarshe. A yanka ɗan guntun ɓawon masara ko kwalin ashana kamar siffar kwale-kwale, tsawon yatsa, a yi masa ɗan tsagi a baya. A kwantar da shi a ruwan da ya natsu, a tsoma tsinke a sabulun ruwa na wanke-wanke, a taɓa tsagin. Sai ya zabura gaba shi kaɗai. Saman ruwa yana da wani ja kamar fatar ganga, yana jan jirgin ta kowane gefe daidai. Sabulu yana raunana jan da ke baya, na gaba ya yi rinjaye. Sau ɗaya ko biyu yake yi, da sabulun ya bazu sai an canja ruwa. Dalilin da ya sa na ce kada a fara da ruwan kumfa ke nan.

Kwata ba wurin jirgi ba ce

Da ruwan Yuni da Yuli ya sauka, kwata ta cika tana gudu, babu yaron da zai riƙe jirgi a hannu zuciyarsa ba ta raya masa ya sake shi a can ba. Ku yi maganar tun kafin a fara wasan, ku maimaita bayan an gama. Ruwan kwata yana ɗauke da ƙazantar bayi, kuma ba mu manta da kwalarar da ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024 ba. Ambaliya tana rufe ramuka da buɗaɗɗun magudanai, wani lokaci da tsinkakkiyar wayar wuta a ciki. Yaro kuma idan jirginsa ya tafi, binsa zai yi. A gidana dokar ita ce jirgi ba ya ƙetare bakin ƙofa, wanda ya fita da nasa ba ya cikin wasan mako mai zuwa.

Da an tashi a zubar da ruwan nan take, a kife bahon. Ruwan da aka bari a buɗe, cikin mako guda zuwa kwana goma sauro ya ƙyanƙyashe a cikinsa. A zare duk tsinke da zare da kyandir daga ɓawon kankana da na lemu kafin a miƙa wa mai akuya ko rago, wanda sabulu ya taɓa kuma a sa shi a shara. Waken da aka yi lodi da shi a wanke a dafa a ranar, tunda ya riga ya jiƙa. Kowa ya wanke hannu da sabulu. Ƙoƙon kwakwa da na totuwa a shanya su a taga su bushe sarai kafin a ajiye, in ba haka ba danshin Legas zai sa su yi funfuna kafin Asabar ta zagayo.